Na'urar Radar da Hangen Hadari: Yadda Take Aiki da Amfanin da Garinmu Zai Ci Daga Gare Ta

(Ƙasidar da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



Gabatarwa

Muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar a ba mu wannan dama. Wataƙila wani zai ce ina ruwan ƙungiyar ci gaban gari da na'urar da aka fi gani a filayen jiragen sama? Amsa ita ce, ko da yake mafi yawanmu albashi ko ciniki ke ciyar da mu a birni, iyayenmu da 'yan'uwanmu suna gida, gonakinsu na bakin fadama, ɗakunansu kuwa da yawa ginin ƙasa ne. Duk wanda aka taɓa buga wa waya da tsakar dare aka ce katanga ta faɗi, ko iska ta yaye kwano, ko ruwa ya shiga rumbu, ya san cewa maganar damina ba ta bar ɗan birni ba. Mu ne ake nema idan ɓarna ta auku, saboda haka ya kamata mu san abin da zai rage ta tun kafin ta auku.

Dukanmu mun tashi mun tarar da dattawa suna karanta sararin sama. Idan shamuwa ta dawo, sun san damina ta ƙarato. Idan zafi ya tsananta da rana, gabas ta yi baƙi da la'asar, sai a ce wa yara su kwashe shanya, a ɗaure awaki. Wannan ilimi ne na gaskiya da aka tara a tsawon shekaru, sai dai iyakarsa iyakar ganin ido, kuma da dare ido ba ya ganin komai sai walƙiya. Aikin radar shi ne ta miƙa wannan gani zuwa nisan kilomita 200 ko fiye, dare da rana.

Asalin na'urar

Ba don ruwan sama aka ƙirƙiro radar ba. A shekarar 1935 wani masani mai suna Robert Watson-Watt ya gwada wa hukumomin Ingila cewa za a iya gano jirgin sama daga nesa ta hanyar igiyar rediyo. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai aka dogara da ita wajen hango jiragen abokan gaba. A nan ne masu lura da na'urar suka riƙa kukan cewa wasu tabo-tabo suna cika musu allo suna ɓoye jiragen da suke nema. Da aka bincika, sai aka tarar ruwan sama ne. Abin da ya zame wa soja ƙaya, shi ya zame wa masanin yanayi abin nema. Bayan yaƙi, wasu masana biyu na Jami'ar McGill da ke Kanada, Marshall da Palmer, suka fitar da bincikensu a 1948 a kan girman ɗigon ruwan sama, wanda ya zama tushen lissafin da ake juya abin da radar ta gani zuwa yawan ruwan da ke zuba.

Yadda take aiki

Wanda ya taɓa yin kira a bakin rijiya mai zurfi ko a gindin dutse ya ji muryarsa ta dawo masa, ya riga ya fahimci rabin aikin radar. Amsa-kuwwa ce. Na'urar tana da wani babban faranti, wanda faɗinsa kan kai mita 8 a manyan na'urori, an lulluɓe shi da wani farin ƙoƙo mai kama da ƙwallo domin kare shi daga iska da ruwa, an ɗora shi a kan hasumiya. Farantin yana harba igiyar rediyo a taƙaice, sa'an nan ya yi shiru yana saurare. Idan igiyar ta ci karo da ɗigon ruwa ko ƙanƙara a cikin hadari, sai wani ɗan kaso daga cikinta ya dawo. Harbin ba ya ɗaukar komai na lokaci. Fiye da kashi 99 cikin 100 na aikinta sauraro ne.

Daga abin da ya dawo ne na'urar ke fitar da amsoshin tambayoyi uku.

Ta farko, ina hadarin yake? Igiyar rediyo tana gudu irin na haske, wato kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Idan hadari yana nisan kilomita 150, zuwa da dawowa kilomita 300 ke nan, kuma igiyar za ta gama wannan tafiya a kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. Da zarar an auna lokacin da ta ɗauka, an san nisa. Inda farantin ya fuskanta kuma shi ke nuna ko gabas ne ko arewa. Farantin yana juyawa ya zagaye ko'ina, sa'an nan ya ɗan ɗaga kai ya sake zagayawa, haka-haka har ya leƙa hadarin daga gindinsa zuwa ƙololuwarsa. Cikin minti 5 zuwa 10 ya gama, ya sake sabon zagaye. Idan aka jera hotunan nan bi da bi, sai a ga inda hadarin ya dosa da irin saurin da yake yi.

Ta biyu, yaya ƙarfin ruwan? A nan akwai abin mamaki. Ƙarfin amsar da ke dawowa yana hauhawa ƙwarai da girman ɗigo: idan faɗin ɗigo ya ninka sau biyu, amsarsa tana ninkawa sau 64. Shi ya sa ruwa mai manyan ɗigo, irin wanda muke cewa kamar da bakin ƙwarya, yake fitowa ɓaro-ɓaro, yayyafi kuwa ya fito dishi-dishi. A kan allo akan nuna wannan da launi: kore ruwa ne marar ƙarfi, ruwan ɗorawa matsakaici, ja kuwa ruwa ne mai ƙarfin gaske, wani lokaci har da ƙanƙara. Wannan ƙa'ida ce kuma ta sa irin wannan radar ba ta cika ganin girgijen da bai ɗauki ruwa ba, haka nan hazon hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, domin ƙwayoyinsu sun yi ƙanƙanta ainun.

Ta uku, yaya iska ke kaɗawa a cikin hadarin? Kowa ya lura cewa idan motar asibiti ta doso ka da jiniya, ƙarar tana da kaifi, da zarar ta wuce sai ta yi kauri. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Christian Doppler, shi ya bayyana dalilin haka a 1842. Igiyar radar ma haka take: idan ɗigon ruwa yana tahowa wajen na'urar, amsar tana dawowa a ɗan matse, idan yana nesanta kuwa sai ta dawo a ɗan sake. Da yake iska ce ke ɗauke da ɗigon, wannan ɗan bambanci ya isa a san saurin iskar da inda ta nufa. Na'urar da ke iya wannan awo ita ake kira radar ta Doppler.

Sababbin na'urori sun ƙara da wata dabara, suna harba igiya iri biyu, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye. Dalili shi ne, babban ɗigon ruwa idan yana faɗowa iska tana baje shi ya yi faɗi kamar waina, ƙanƙara kuwa tana wulwulawa ne, sai ta bayyana a mulmule. Idan aka gwada amsoshin biyu, sai a rarrabe ruwa da ƙanƙara, har ma a ware garken tsuntsaye ko fara, waɗanda su ma sukan fito a allo. Amurka ta kammala sanya wannan dabara a manyan na'urorinta kimanin 160 a shekarar 2013.

Hadarin ƙasarmu

Abin da dattawa suka daɗe suna faɗa, cewa hadari daga gabas yake tasowa, awo ya tabbatar da shi. Mafi yawan ruwan da ke sauka a ƙasar Hausa da sauran yankin Sahel yana zuwa ne daga wasu manyan hadura da ke jeruwa a sahu, tsawonsu kan kai ɗaruruwan kilomita, suna tafiya daga gabas zuwa yamma. Sau da yawa sukan haɗu da la'asar a kan tuddai irin na Jos da duwatsun Azbin, su yi ta tafiya har cikin dare. A shekarun 2006 da 2007, a ƙarƙashin wani babban shirin binciken daminar Afirka ta Yamma, an girke radar ta Doppler a Yamai, inda masana suka riƙa bin waɗannan hadura ɗaya bayan ɗaya. Siffar da ake gani a allo ita ce wadda kowane manomi ya sani a jikinsa: iska mai ƙura da sanyi a gaba, sai ruwa mai ƙarfi da tsawa na ɗan lokaci, sa'an nan yayyafi mai daɗewa a baya.

Irin wannan hadari yakan yi tafiyar kilomita 50 ko fiye a awa ɗaya. To, mu yi lissafi. Idan an hango shi a nisan kilomita 150 yana doso gari, akwai ratar kusan awa uku. Awa uku ta isa a kwashe hatsin da aka shanya, a dawo da yara daga rafi, mai kwale-kwale ya fasa tsallaka gulbi, makiyayi ya fitar da shanu daga kwari, a kuma fitar da tsofaffi daga ɗakin da bangonsa ya riga ya jiƙa. Wannan ratar ita ce ribar na'urar gaba ɗaya.

Radar da jiragen sama

Babu wanda zai manta da ranar 29 ga Oktoba, 2006, sa'ad da jirgin da ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Alhaji Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu. Kafin nan, ranar 10 ga Disamba, 2005, wani jirgin ya faɗi a Fatakwal, aka rasa mutum 108, cikinsu da ɗalibai kusan 60. Rahotannin masu bincike sun ambaci mummunan yanayi da sauyin iska na farat ɗaya a cikin abubuwan da suka haddasa waɗannan masifu biyu.

Yadda abin yake shi ne, wani lokaci iska mai sanyi takan rikito daga cikin hadari da ƙarfi, ta bugi ƙasa ta watsu ko'ina, kamar an kife bokitin ruwa a daɓe. Jirgin da ke tashi ko sauka idan ya shiga cikinta, da farko iskar za ta tare shi ta gaba, sai ta danne shi daga sama, sa'an nan ta koma bayansa, ya rasa abin da ke riƙe shi alhali yana dab da ƙasa. Ido ba ya ganin wannan iska, amma radar ta Doppler tana iya gano ta, domin za ta ga iska tana tahowa a wani gefe tana kuma gudu a ɗaya gefen, a wuri ɗan ƙanƙane. Bayan waɗannan hatsarori gwamnatin tarayya ta tsara girke irin wannan na'ura guda 6 a Abuja, Legas, Fatakwal, Kano, Maiduguri da Yola.

Abin da ba ta iyawa

Wajibi ne mu faɗi iyakarta, kada mu ɗora mata kayan da ba nata ba. Da farko, duniya a mulmule take, igiyar kuwa kusan miƙe take tafiya, saboda haka duk sa'ad da ta yi nisa sai ta ƙara yin sama. A nisan kilomita 200, ko da an sunkuyar da farantin iyakar yadda aka saba, igiyar tana wucewa ne kimanin kilomita 4 a bisa kan mutane, ba ta san abin da ke faruwa a ƙasa ba. Idan na'ura tana Kano, za ta iya lura da Zariya da Katsina da Dutse, ta ɗan taɓa Damagaram, amma Sakkwato ta yi mata nisa. Dutse ko dogon gini ma yakan tare mata gani.

Na biyu, abin da ya riga ya haɗu take gani. Ba za ta gaya mana ranar da damina za ta faɗi ba, balle ko za a yi fari a tsakiyarta. Wannan aikin hasashen shekara ne, wanda Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, NiMet, da aka kafa a 2003, take fitarwa a farkon kowace shekara bisa la'akari da ɗumin tekuna da tarihin ruwan kowane yanki. Haka kuma akwai hadarin da kan haɗu a kan gari cikin rabin awa, wanda ratarsa ba ta da yawa. A nan ya kamata mu jawo hankalin masu ganin kamar hasashen yanayi shiga gaibu ne. Awo ne da kirdado, kamar yadda mai ganin ƙurar mota daga nesa zai ce baƙi na tafe. Yana iya dacewa, motar kuma tana iya ratsewa.

Na uku, ba kowace ambaliya ce ke zuwa daga hadarin da ke bisa kanmu ba. Ambaliyar 2012 da ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan 2 da muhallinsu, da ta 2022 da ta kashe fiye da 600, cikar manyan koguna ce ta fi haddasa su. Ta Maiduguri a watan Satumba na 2024 ɓallewar madatsar ruwa ta Alau ce. Irin waɗannan suna buƙatar awon koguna da kula da madatsu. Amma ruwa mai ƙarfi da kan sauka cikin dare ya cika kwari kafin gari ya waye, kamar wanda ya auka wa Mokwa da asubahin 29 ga Mayu, 2025, inda aka rasa fiye da mutum 150, shi ne irin wanda hangen 'yan awoyi ke da muhimmanci a kansa.

Na huɗu, na'urar tana da tsadar saye da tsadar riƙo. Tana son wutar lantarki marar yankewa, da kayan gyara, da ƙwararrun injiniyoyi. Alƙaluman da aka bayar a 2023 sun nuna cewa Afirka baki ɗaya tana da tashoshin radar 37, alhali Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai suna da 636. Abin da ke cike mana wannan giɓi shi ne tauraron ɗan'adam na Meteosat, wanda ke tsaye a nisan kilomita 36,000 yana ɗauko hoton Afirka duk bayan minti 10 zuwa 15. Shi saman girgije yake gani, ba cikinsa ba, amma ya isa ya nuna babban hadari da inda ya dosa, kuma ana samun hotunansa a wayar hannu.

Shawarwari ga ƙungiya

'Yan'uwa, ko an cika ƙasar nan da na'urori, idan labarin ya tsaya a ofis bai isa kunnen mai ɗaki a bakin kwari ba, an yi aikin baban giwa. Tsakanin allon masani da ƙofar gidan iyayenmu akwai tazara, kuma wannan tazara ƙungiya irin tamu ce za ta iya cike ta. Saboda haka muna ba da waɗannan shawarwari:

1. A zaɓi matasa biyu ko uku masu natsuwa su riƙa bin sanarwar NiMet ta kullum a lokacin damina, da hasashen ambaliya na shekara-shekara da hukumar kula da koguna ta ƙasa ke fitarwa, su mayar da su cikin Hausa mai sauƙi, su isar ga dagaci da masu unguwanni ta waya ko WhatsApp. Kada su yaɗa abin da ba daga hukuma ya fito ba, domin idan aka tayar da mutane a banza sau biyu, a na uku ba wanda zai motsa.

2. A zauna da iyayen ƙasa tun kafin ruwan farko a tantance unguwannin da ruwa ya saba ci, a kuma amince da tudun da za a nufa da wanda zai yi shela idan abin ya zo da dare.

3. A saya wa makarantar sakandarenmu ma'aunin ruwan sama, ɗalibai su riƙa rubuta awo kowace safiya. Milimita 1 na nufin lita 1 a kan kowane murabba'in mita, wato ruwan milimita 50 ya zuba lita 500,000 ke nan a kan hekta guda. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa ba zai raina lambatu ba. Radar kanta da irin wannan ma'auni ake daidaita ta.

4. A yi aikin gayya na yashe magudanun ruwa kafin damina, mu kuma da muke aiko kuɗin gini daga birni mu daina sayen fili a kan hanyar ruwa don araha.

5. A koya wa yara ƙidaya tsakanin walƙiya da tsawa: kowace daƙiƙa 3 kilomita 1 ce. Wanda ya ji tsawa a gona ya bar gindin bishiya ya nemi gini.

6. A sanya ilimin yanayi cikin fannonin da asusun tallafin karatu zai ƙarfafa. Ana koyar da shi a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure, da makarantun NiMet na Oshodi da Katsina, da cibiyar Agrhymet ta Yamai.

7. Idan mun sadu da wakilanmu na majalisa, mu tambaye su abin da aka ware domin gyara da riƙon na'urorin awon yanayi, ba sayensu kaɗai ba.

Kammalawa

A shekarar 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙudurta cewa zuwa ƙarshen 2027 kowane mutum a doron ƙasa ya kasance gargaɗin bala'i yana isa gare shi da wuri. Ko wannan buri zai cika a garinmu, ya danganta ne da ko akwai wanda zai ɗauki waya ya kira gida. Ruwa rahama ne, ba mu da ikon tsayar da shi, ba ma fatan hakan. Abin da ke hannunmu shi ne shiri, kuma masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Muna roƙon shugabanni su sanya waɗannan shawarwari cikin abubuwan da za a tattauna kafin a tashi daga wannan zama, domin a fara aiki da su tun daminar bana.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu daga ɓarnarta, ya mayar da kowa gidansa lafiya.